Kawu, ɗumin daga daɓe yake tasowa

Kawu, Allah ya ja kwana. Ka yi tambaya a kan hotunan sunan da muka yi nan Incheon, a Koriya ta Kudu: ga ƙanƙara ta rufe titi, ga mu zaune dirshan a ƙasa, babu kaskon wuta, yara ma ko safa ba su sa ba. Ka ce yaya muke yi sanyi bai kama mu ba.

Sanyi kam akwai shi. A watan Janairu yakan kai digiri 10 ƙasa da sifili, hunturun Maradi bai kama ƙafarsa ba. Amma daɓen ɗakin ne ke da ɗumi. A cikin simintin an binne tiyon roba, ya yi ta lanƙwasa daga wannan bango zuwa wancan, ruwan zafi na zagayawa a ciki. Wata na'ura mai aiki da gas ce ke dafa ruwan, kai kuma kana ƙara ta ko rage ta daga wani ɗan maɓalli a jikin bango. Mutanen nan suna kiran abin ondol, kuma da wuya ka shiga gidan zama ka tarar babu shi.

Ka san gadon ƙasa da tsofaffinmu ke gina wa mai jego, a bar kogo a ƙarƙashi a zuba garwashi. To dabarar ke nan, sai dai su ɗakin gaba ɗaya suka mayar gado. Masu tonon kayan tarihi sun samu burbushin wannan gini na fiye da shekara 2000 a arewacin yankin Koriya. A tsohon gida, murhun madafa yana ƙasa da ɗakin kwana. In an hura wuta, zafi da hayaƙi sai su bi ta wasu ramuka ƙarƙashin faffaɗan duwatsu, su ratsa ɗakin, su fita ta bututu a ɗaya gefen. A kan duwatsun a shafe yumɓu, a kan yumɓu a liƙa takarda mai shan mai. Itacen da ya dafa shinkafar dare shi ne ya ɗumama ɗaki, dutse kuma ya riƙe zafin har asuba. Gefen da ke kusa da murhu ya fi ɗumi, don haka na dattijo ne da baƙo, can kuma ake rufe abincin maigida da bargo in bai dawo da wuri ba. Wannan ladabi ya burge ni ƙwarai.

Abin bai zo musu a banza ba. Da ondol ya game gidajen talakawa a zamanin tsohuwar daular Koriya ta Joseon, sara ya cinye dazuzzukan tsaunuka. Bayan yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953 aka koma ƙona curin kwal mai huji-huji. In daɓe ya tsage, iskar guba marar wari sai ta sulalo cikin ɗaki, a wayi gari iyali sun mutu a barci. A shekarun 1960 da 1970 mutane da yawa sun tafi ta haka, kuma yana cikin abin da ya sa aka raba ɗaki da hayaƙi aka koma ruwan zafi.

Rumawa ma sun yi nasu, musamman a gidajen wanka: su ɗora daɓe a kan gajerun ginshiƙan bulo, bayi na hura wuta daga waje. Bayan faɗuwar daularsu abin ya ja baya a yawancin Turai. A zamanin nan, wani mai zanen gine-gine Ba'amurke, Frank Lloyd Wright, ya zauna a wani ɗaki irin na Koriya a birnin Tokyo, ya ji daɗinsa, ya koma ya binne bututun ɗumama a daɓen wani gida da ya gina a Wisconsin a 1937. Daga 1947 aka sa tiyon jan ƙarfe a dubban gidajen Levittown kusa da New York, amma da shekaru suka ja da yawa suka fara yoyo cikin siminti. Sai a shekarun 1960 wani Bajamushe, Thomas Engel, ya gano yadda za a ƙarfafa roba ta jure ruwan zafi, irin tiyon da aka fi binnewa yau ke nan.

Mu Hausawan nan, abin ya zo daidai da tashinmu. Takalmi a bakin ƙofa yake tsayawa, a gidansu da gidanmu. Muna shimfiɗa leda mu kewaye kwano ɗaya, mu yi sahu mu yi salla goshi ya sauka a kan ɗumi, da dare a warware katifa a ƙasa in baƙi sun yi yawa. 'Yan'uwanmu da ke Faransa, inda aka fi ɗumama ɗaki da ƙarfen jikin bango, suna ce mana kujera ta zame musu dole a lokacin sanyi. Mu ba ta zame mana ba.

Sabon zuwa kuwa sai an zaunar da shi. Kada ya kashe na'urar gaba ɗaya in zai yi tafiya, don ruwa na iya daskarewa ya fasa tiyo. Kada ya bar man shanu ko magani a ƙasa. Iskar ɗaki tana bushewa har maƙogwaro ya yi kaushi, shi ya sa matanmu ke shanya wanki a ciki. Kuɗin gas kuma yana tashi sosai daga Disamba zuwa Fabrairu, samari masu haya tare sukan raba shi tsakaninsu.

Ka ce ko za a iya sa shi a ginin da kake yi a unguwar Ali Ɗan Sofo a Maradi. A ganina kada ka ɓata kuɗinka, Kawu. Sanyinmu na 'yan makonni ne, zafi shi ne babban abin da gida zai yi fama da shi, gara kuɗin su tafi a kaurin bango da rufi mai kyau. Abin da nake roƙo shi ne a daina kwana da kaskon garwashi a ɗaki rufe. Gubar da ta kashe mutanen nan ita ce gawayi ke fitarwa. A ɗumama ɗakin tun da magariba, a fitar da kaskon waje kafin yara su kwanta.