Me ya sa jirgin saman da na haɗa da kwali ya karkace?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sauke zanen jirgin yaƙin nan Spitfire daga intanet, mai ma'aunin 1:33 (wato girman na gaske an raba shi da 33), na buga shi a firinta, na yayyanka na lilliƙa. Kwana huɗu na yi a kansa. Da na gama sai na ga gangar jikin ta yi kusurwa-kusurwa maimakon ta fito sumul, wutsiyar ta kauce gefe guda, fikafikan sun sunkuya, ga kuma farin layi a duk inda kwali biyu suka haɗu. Takardar ce ba ta da kyau, ko gam ɗin ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Sannu da ƙoƙari. Takarda da gam suna da nasu laifin, zan zo kansu, amma daga yadda ka kwatanta, babban abin da ya faru shi ne ka bar wa gam aikin da yatsunka ya kamata su yi. Ka ɗauko kwali a shimfiɗe, ka shafa gam, ka tanƙwara shi da ƙarfi, ka riƙe har ya kama. Kwalin da aka yi wa haka ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi a wuri biyu ko uku, kuma har abada yana nan yana neman komawa yadda yake a da. Wannan jan da yake yi ne ya karkatar maka da wutsiya.

Kwali hanya ɗaya kawai yake yarda ya lanƙwasa a lokaci guda. Za ka iya naɗe shi ya zama bututu, ko ya zama kamar mazurari, amma gwada lulluɓe ƙwallo da shi ka gani, nan take zai tattare. Jikin jirgi kuwa yana lanƙwasa ta tsawo da ta faɗi gaba ɗaya. Shi ya sa masu zanen suke yanka gangar jikin gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ɗan bututu ce mai baki ɗaya ya fi ɗaya faɗi, sai an jera su sannan ido ya ga kamar abu ɗaya ne. Kowace gunduwa kuma sai ta ɗauki siffarta tun kafin ta ga gam.

Ga yadda nake yi. In ɗora ɓangaren a tafin hannuna ko a kan wani abu mai ɗan laushi, fuskar da aka buga tana ƙasa, in sa jikin biro ko wani siririn ƙarfe mai santsi in riƙa murzawa gaba da baya ina ɗan dannawa. Da farko kamar ba abin da ke faruwa, can sai ka ga gefunan sun fara ɗagowa da kansu. Ina ci gaba har sai bakunan biyu sun haɗu ba tare da na riƙe su ba, ko ma sun ɗan zarce juna. In ka saki hannu ya buɗe, da saura. Inda jirgin ke da lanƙwasa mai tsauri, kamar saman baya wajen wutsiya, sai in sauya da abin murza mafi siranta, wani lokaci har tsinken sakace. Wannan aikin kan cinye mini lokaci fiye da yanka da liƙi a haɗe.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani: zaruruwan da ke cikin takarda galibi sun kwanta ne ta fuska ɗaya tun daga masana'anta. Ɗauki falle guda ka ɗan lanƙwasa shi ta tsawo, sannan ta faɗi, za ka ji ɗaya ya fi ɗaya sauƙi. Ɓangaren da ya faɗo a fuskar da ke gardama ya fi saurin karyewa, don haka a hankali ake binsa. Hura masa hucin baki ta baya sau biyu ko uku yakan sa ya yi laushi. Kada ka jiƙa shi da ruwa, musamman in firintarka mai tawadar ruwa ce, launin zai zube.

Ba ka faɗi nauyin takardar da ka buga a kai ba. Takardar firinta ta yau da kullum giram 80 ce a kowane murabba'in mita, ta yi laushi da yawa. Ga fatar jirgi mai wannan girman nemi mai giram 160 zuwa 180. In ta haura 200 za ta ba ka wahala a ƙananan sassa. Wajen bugawa kuma tabbatar ka sa girman a 100%, ka kashe zaɓin da ke daidaita zane da shafi. Zanen da aka tsara don takardar Amurka mai milimita 216 da 279, in aka buga shi a A4 mai 210 da 297, firinta takan rage shi a ɓoye. Gwajin mai sauƙi ne: daga ƙarshen fiffike zuwa ƙarshen ɗaya, Spitfire na gaske mita 11.23 ne, raba da 33 ka samu santimita 34. Sa rula ka auna.

Sai faya-fayan ciki, waɗanda ke riƙe siffar kowace gunduwa kamar haƙarƙari. Waɗannan ba a barin su a kan kwalin da aka buga su, ana manna su a kan wani mai kaurin milimita 1, a danne da littafi mai nauyi har su bushe, sannan a yanka. Nan ne mutane da yawa ke faɗuwa ba su sani ba. In ka yanka faifan ya fi layinsa da milimita 0.2 kacal a kewaye, fatar da za ta zagaye shi za ta gaza da fiye da milimita 1. Sai ka ga giɓi, ka ja da ƙarfi ka rufe, jirgin ya murɗe. Ka riƙa gwada faifan a cikin bututun ba gam, kana goge bakinsa da takardar yashi, har ya shiga da ɗan turi kaɗan. Kowane faifai yana da layin tsakiya, daidaita shi da ɗinkin da ke ƙarƙashin cikin jirgin, kuma bayan kowace gunduwa ka ɗaga jirgin ka leƙa shi daga hanci zuwa wutsiya kamar mai saita bindiga. Karkatar da ka kama kafin gam ya bushe tana gyaruwa.

Shi kuwa gam, farin nan na katako da takarda ya isa, sai dai ruwa ne rabinsa, kuma ruwa na kumbura takarda. Ɗiga kaɗan a kan wani guntun kwali, ka riƙa ɗiba da tsinke kana shafawa siriri. In ka matsa ya fito ta gefe, ya yi yawa. Ni ina ma yanke kunnuwan liƙi da ke jikin zanen, wato 'yan ɓangarorin da ake bari a gefe don shafa gam, in haɗa bakunan biyu kai da kai, in manna siririyar takarda ta ciki. Kunne yakan sa baki ɗaya ya hau kan ɗaya, ya bar tudu.

Fikafikan sun sunkuya ne don ba su da ƙashi, ko kuma ƙashin ya yi laushi. A Spitfire na gaske fikafikan sun ɗan ɗaga sama da digiri 6, wato a naka jirgin ƙarshen kowane fiffike zai fi gindinsa tsayi da abin da bai kai santimita 2 ba. Ƙashin da ke ratsa jiki daga wannan fiffike zuwa wancan shi ke riƙe wannan kusurwa, ka yi shi da kwali mai kauri ninki biyu. Yayin da gam ke bushewa ka tokare ƙarshen fikafikan da abubuwa biyu masu tsayi ɗaya, ka bar shi ya kwana. Gaban fiffike kuma naɗe shi ake yi a jikin tsinke ya yi kumburi, ba a karya shi da farce.

Farin layin shi ne mafi sauƙin magani. Kaurin kwalin ne kake gani. Bayan ka yanka, kafin ka liƙa, bi bakin da alƙalamin launi mai kama da na wurin, ta bayan takardar, da gefen bakin alƙalamin. Launin toka mai haske yana shiga kusan ko'ina. Baƙi ya fi farin muni.

Gaskiya ka fara da mai wuya. Ma'aunin 1:33 ya yi ƙarfi ne a Poland, inda mujallar Mały Modelarz ta fara fitar da irin waɗannan zanuka a 1957. Spitfire kuma kusan babu miƙaƙƙen layi a jikinsa. Da ni ne, zan haɗa ƙaramin jirgin nan Piper Cub tukuna, mai shimfiɗaɗɗun gefuna da miƙaƙƙen fiffike, sannan in dawo. In kuwa zuciyarka na kan Spitfire, sake bugawa, amma shafin da ke ɗauke da hanci ka buga shi sau biyu, don a wajen murfin injin ne ake yawan ɓata na farko.