Tambaya da Amsa: Ana Sallah a Masallacin Ƙurɗuba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin Islamiyya ne a Funtuwa. Ƙanena da ke karatu a Madrid ya matsa sai na kai masa ziyara, ni kuwa babu inda ke raina a Sifaniya sai Ƙurɗuba, garin da muke jin sunansa tun muna ɗaukar karatu a zaure. Shin masallacin nan yana nan? Ana sallah a ciki? Kuma da me mutanen garin suke ci da kansu yanzu?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Bari in fara da wadda za ta sosa maka rai, mu wuce wurin. Ginin yana nan daram, amma ba a sallah a cikinsa. Coci ne tun 1236, shekarar da Sarki Farnando na Uku ya ci garin da yaƙi. Ranar da na fara shiga, ina tsaye gaban mihrabi, wani dattijo da na ɗauka ɗan Maroko ne ya ɗaga hannuwa sama yana motsa baki. Bai kai ga shafawa ba mai gadi ya matso, cikin ladabi dai, ya yi masa alama da hannu. Ya sauke, ya tura hannuwan cikin aljihu, bakinsa kuwa bai daina motsi ba. To ka yi sallarka kafin ka shiga. Akwai ƙananan masallatai a cikin gari da ake jam'i, ƙanenka zai nemo maka a waya.

Duk da haka ka je. Ta farfajiyar itatuwan lemo ake shiga, inda a da ake alwala. Kana ƙetare ƙofa daga hasken rana sai duhu da sanyi su rufe ka, ido ya ɗauki ɗan lokaci kafin ya washe, sannan ka ga ginshiƙai sama da 850 sun yi sahu ta ko'ina kamar ka faɗa gonar dabino, a kansu bakuna hawa biyu, ja da fari. Abdurrahman ad-Dakhil, sarkin Andalus na lokacin, shi ne ya aza harsashin wajajen 785, na bayansa suka yi ta ƙari: Alhakam na Biyu ya yi mihrabin nan mai ƙyallin zinariya da ayoyi kewaye da shi, Almansur ya faɗaɗa ginin ta gabas. Kana cikin tafiya a wannan daji sai kawai rufi ya yi sama, haske ya kwararo, ka tsinci kanka tsakiyar wata ƙatuwar majami'a da aka dasa a cikinsa tun daga 1523. Na daɗe tsaye a kan iyakar biyun. Raina bai so ba, ba zan ɓoye maka ba. Sai dai na tuna babban masallacin Ishbiliya, wato garin Seville, wanda aka rushe aka bar hasumiya da farfajiya kawai. Na Ƙurɗuba da aka ci gaba da ibada a ciki shi ne ya kawo yau.

Da yake kai ma'abocin littafi ne, ka bi ta bakin ganuwa ta yamma, akwai gunkin Ibn Rushd a zaune riƙe da littafi. A garin aka haife shi a 1126. Imam Ƙurɗubi mai tafsiri ɗan nan ne, haka Alfazazi mai Ishiriniyar da muke rerawa lokacin Mauludi. In da sauran ƙarfi a ƙafarka, kilomita 8 yamma da gari akwai kufan Madinatuz Zahra, fadar da Abdurrahman na Uku ya gina bayan ya naɗa kansa halifa a 929. Ba ta cika shekara 100 ba aka wargaza ta, kuma ba Kiristoci ne suka yi ba, yaƙin basasar Musulmi ne junansu.

Batun abin da suke ci da kansu kuwa, amsar tana bakin tagar jirgin ƙasa. Daga Madrid tafiyar ba ta kai awa biyu ba a jirgin nan mai gudun tsiya da aka buɗe a 1992, kuma kafin ka iso za ka ga itatuwan zaitun jere bisa tuddai har inda ido ya tsaya. Sifaniya ce kan gaba a duniya wajen man zaitun, lardin Ƙurɗuba kuma shi ne na biyu a ƙasar, bayan maƙwabcinsa Jayyan. Kalmarsu ta mai, aceite, az-zait ce ta Larabci ta sha iska. Da sanyin hunturu ake kaɗe 'ya'yan, ka ga 'yan ci-rani daga Maroko da Senegal da Mali cike da gonaki. A cikin gari kuma akwai maƙeran farfaru, masu azurfa da zinariya, da suke murɗa waya siririya kamar gashi su fitar da 'yan kunne. Akwai dukawa da aikin fatarsu ya yi suna a Turai tun zamanin Andalus. Akwai masana'antar tagulla.

Sai baƙi. Wajen mutum miliyan 2 ke shiga masallacin a shekara, a garin da mazaunansa ba su fi 320,000 da ɗoriya ba. Za ka ce ai sun warke. Mai ɗan otal ɗin da na sauka ba ta ce haka ba. Kukanta shi ne jirgin nan mai sauri da ya kawo baƙo shi ke kwashe shi: ya sauka da hantsi, ya ɗauki hoto, ya sayi ɗan tsaraba, kafin magariba yana Ishbiliya ko Garnaɗa, can zai kwana, can zai ci abincin dare. Kuɗin tikiti kuma na coci ne, wadda ta yi wa ginin rajista da sunanta a 2006 kan Yuro 30, maganar da har yau 'yan garin ke musu a kanta. 'Ya'yan matar biyu duk suna aiki a wasu garuruwa, don rashin aikin yi a kudancin Sifaniya ya fi na arewa ciwo. Saboda haka in da hali ka kwana. Da daddare, bayan an watse, ka taka tsohuwar gadar Rumawa a kan kogin Guadalquivir, wato Wadil Kabir, ka waiwayo ka kalli ginin.

Lokacin zuwa shi ne farkon watan Mayu. A makonnin nan ne masu gidaje a tsofaffin unguwanni ke buɗe ƙofa kowa ya shiga ya ga tsakar gidansu, ana gasa, har UNESCO ta sa al'adar cikin jerin kayan gadon duniya a 2012. Daga waje bango ne fari kawai, sai ka bi ta wani ɗan soro kamar zaurenmu ka ɓulla tsakar gida mai rijiya, tukwanen furanni shuɗaye rataye a bango har sama. Na ga wata tsohuwa tana ba su ruwa da gwangwani ɗaure a kan dogon gora, tukunya bayan tukunya, ba ta ko kallon mu masu kallo. Zuwana na farko a Yuli na yi shi, ina taƙamar wanda ya sha ranar Sakkwato babu abin da Turai za ta nuna masa. Na sha mamaki. Zafi kan haura digiri 40, a 2017 ya kusa 47, kuma daga ƙarfe 2 zuwa 5 kantuna a rufe, titi ba kowa sai ni da inuwata.

Ka kula da abinci, don naman alade a ko'ina yake, har a inda ba ka zata ba. Akwai wata miyar tumatir mai sanyi da kauri, salmorejo, da ake markaɗawa da burodi da tafarnuwa da man zaitun. Daɗi gare ta, amma bisa al'ada yankakken alade ake barbaɗawa a sama. Ka haddace "sin jamón", wato ban da naman alade, ka faɗa tun kafin a zubo. Daga Litinin zuwa Asabar kuma an saba buɗe masallacin kyauta daga 8:30 zuwa 9:30 na safe, kafin motocin baƙi su iso. Ka sa ƙanenka ya duba ko ba a sauya ba, sannan ku yi sammako.