Ƙarin albashi zai sa a kore ni?

Tambaya: Malam, ina aikin shara da goge-goge a wani kamfani. Gwamnati ta ƙara mafi ƙarancin albashi, sai manajanmu ya ce in ya biya sabon kuɗin dole ya sallami rabinmu. Ya kawo takarda mu sa hannu cewa mun yarda da tsohon albashi. Yarana uku, tsoro ya hana ni barci. In sa hannu?

Amsa: Malama, kada ki sa. Yarjejeniya ta 131 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1970, ta ce mafi ƙarancin albashi doka ce, ba a rage shi. Ba hajar da za ku yi ciniki da manaja ba ce. Ki ɗauki hoton takardar da wayarki, ku haɗa kai ku kai wa ƙungiyar ƙwadago. Su za su duba ko dokar ƙasarku ta shafi kamfaninku, don wasu dokokin sun cire ƙananan wurare.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne wannan zance na "ƙari ya zo, kora ta biyo baya". Kullum ina jin sa, har daga bakin masu ilimi, suna tsorata mai shara da shi kamar an gama tabbatarwa. A 1992 jihar New Jersey ta Amurka ta ɗaga mafi ƙarancin albashin awa daga dala 4.25 zuwa 5.05, maƙwabciyarta Pennsylvania ba ta ɗaga ba. Masana tattalin arziki David Card da Alan Krueger suka bi gidajen abinci 410 a jihohin biyu, ba su ga an rage ma'aikata a New Jersey ba. Card ya samu kyautar Nobel a 2021. Jamus ma, da ta kafa Yuro 8.50 a awa a 2015, an yi ta kururuwar dubban ayyuka za su salwanta, amma rashin aikin yi sauka ya ci gaba da yi.

Dalilin a fili yake. In an kore ki, datti ba zai share kansa ba. Mai kamfani yakan ɗan taɓa ribarsa ko farashinsa, kuma wanda ake biya da kyau ba ya gudu, balle a yi ta ɓarnar kuɗi wajen koya wa sabo aiki.

Gaskiya ne ƙarin da ya wuce kima yana iya durƙusar da ƙaramin kamfani. Amma abin da na fi ji miki tsoro shi ne a rage miki awanni a takarda, aikin kuwa yana nan yadda yake. Ki samu ɗan littafi, kullum ki rubuta lokacin shigarki da na tashinki.