Sulke da lifidi a hawan Sallar Garwa

Malam, ka tambaya ko mu Hausawan Kamaru kwaikwayon Hawan Daushe muke yi idan muka sa sulke da lifidi ranar Sallah, ka kuma ƙara da cewa ka ji Fillanci ya cinye mana harshe. Tambayar ta ɗan sosa mini rai, shi ya sa zan amsa ta a tsanake.

Garwa tana bakin kogin Binuwai, kuma masarautarta tana cikin ƙasar Adamawa da Modibbo Adama ya karɓo wa tuta daga hannun Shehu Usmanu. Lamiɗon Garwa, wato sarkinta, Yola yake bi kafin Jamusawa su kama garin a 1901. Saboda haka mahayan da kake gani a bayansa ba daga hoton Kano suka koyi shiga ba. Kakana baduku ne da ya biyo ayarin fatake daga ƙasar Kano, ya zauna yana yi wa fada kayan doki, mahaifina kuma shi ya fara hawa a gidanmu, ni na gada.

Abin da mai kallo ba ya gani shi ne wahalar sabawa da kayan. Sulke ƙarfe ne, ba a ɗora shi a kan fata, sai an sa riga mai kauri a ciki, domin idan rana ta buga shi yana ƙona mutum. Nauyinsa duka a kafaɗa yake sauka, sai an ci ɗamara sosai kafin ƙugu ya ɗauki rabonsa. Mahaifina yakan fito da nasa tun tsakiyar azumi, mu zuba shi a buhu da yashi mu yi ta girgizawa har tsatsa ta fita, sannan a shafa mai, kuma yakan sa ni in yi yawo da shi a tsakar gida bayan la'asar don jiki ya san abin da ke jiransa. Lifidi ya fi tsanani, domin an cusa masa audugar rimi kuma iska ba ta ratsa shi. A watan Maris da Afrilu zafin Garwa yana wuce digiri 40, ga shi Ƙaramar Sallar 2024 a Afrilu ta faɗo, bayan wata guda na azumi. Wanda ya sa lifidi da kwalkwali ba ya iya hawa sai an ɗora shi, dokin ma sai an yi kwanaki ana sa masa nasa yana zagayawa, in ba haka ba ya yi tutsu a gaban Lamiɗo lokacin jahi.

Game da harshe, gaskiya ne a kasuwa Fillanci muke yi, a makaranta Faransanci. Mahaifiyata Bafulatana ce, matata ma haka, kuma ban taɓa jin wani a Kano ya ce auren Fulani yana fitar da mutum daga Hausanci ba, don haka ban ga dalilin da za a auna mu da wani mudu daban ba. A cikin gida da Hausa ake yi wa yaro faɗa, da ita ake neman aure, a fada kuma akwai Galadima da Sarkin Yaƙi, ana busa kakaki da algaita.

Abin da ke damuna a cikin gidanmu yake. Samarinmu sun fara ɗinka lifidi da soso saboda sauƙi, wasu suna zura takalmin ƙwallo a likkafa, ga baƙin tabarau a ƙarƙashin kwalkwali. Ba na zarginsu da yawa, domin ciyar da doki ya yi tsada, dukawan da suka iya aikin kuma suna ƙarewa. Idan ka san baduku a Kano da har yanzu yake ɗinka lifidi da audugar rimi, ina roƙonka ka haɗa mu, akwai yara biyu a unguwarmu da suke son koyo.