Ɗana ya ƙi komawa bodin, ya zan yi?

'Yar'uwa, kin ce yaronki ɗan JSS1 tunda ya dawo hutu baya magana, yana firgita cikin barci, kuma provishin ɗinsa sati biyu ya ƙare. Wallahi waɗannan alamu ne na siniyoyi suna cin zalinsa, ni ma ƙanina haka aka yi masa, ana sa shi wanki da ɗiban ruwa har dare, ana ƙwace masa gari da suga, bai faɗa ba sai da muka ga shatin belt a bayansa.

Don Allah kar ki ce masa "kai ba namiji ba ne", wannan maganar ita ke rufe musu baki. Ki zaunar da shi ku biyu, ki tambaye shi wa yake kwana kusa da shi, wa ke riƙe makullin akwatinsa, a hankali zai buɗe. In akwai rauni ki ɗauki hoto ku je asibiti a rubuta, sannan ke da babansa ku samu hausmasta da firinsifal, ku kai ƙorafi a rubuce ki riƙe kwafi. In sun yi shiru ki kai maganar taron PTA ko ma'aikatar ilimi ta jiha, kuma kafin nan kar ki mayar da shi hostel ɗin.