Faifai huɗu a akwati ɗaya: wane tsarin RAID zan zaɓa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Sana'ata ɗaukar bidiyo. Na sayi akwatin ajiya mai cin faifai huɗu, kowanne terabait 4. Da na kunna shi sai ya ce in zaɓi RAID 0, 5, 6 ko 10. Wani abokina ya ce in ɗauki 0, wai ya fi sauri kuma ba ya cin wuri. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokinka gaskiya ya faɗa, amma bai ƙarasa ba. RAID tsari ne na haɗa faifai da yawa su yi aiki kamar guda ɗaya. RAID 0 yana yayyanka kowane fayil ya rarraba shi a kan faifan huɗu, shi ya sa yake gudu, kuma terabait 16 ɗinka za ka samu ba ragi. Sai dai ranar da faifai ɗaya ya mutu, komai ya tafi, har abin da ke kan sauran ukun, domin babu fayil ɗin da yake cikakke a wuri guda. Bidiyon da ka ɗauka wa mutane ba a maimaita shi. Don Allah kada ka ɗora shi a kan 0.

RAID 5 yana cinye wurin faifai ɗaya, ya bar maka terabait 12. A wurin da ya cinye yana ajiye wani lissafi ne. Idan an ce maka lambobi uku jimlarsu 10, biyu daga ciki 3 da 5 ne, ai ka san ta ukun 2 ce ko da ta ɓace. To haka yake dawo da abin da ke kan faifan da ya mutu. Inda nake jin tsoronsa shi ne lokacin da ka sa sabon faifai: dole akwatin ya karance sauran ukun daga farko har ƙarshe, aikin da kan ɗauki awoyi da yawa, wani lokaci fiye da kwana. Faifan nan kuwa tare ka saye su, tare suka tsufa. Idan na biyu ya faɗi ana tsakiyar aikin, babu mai ceto.

RAID 6 yana jure mutuwar kowane faifai biyu, amma terabait 8 zai bar maka. RAID 10, mai haɗa faifan bibbiyu kowanne da abokinsa mai riƙe da kwafinsa, shi ma 8 ne, ya fi saurin rubutu, sai dai mutuwar biyu tana iya kashe shi idan abokan juna ne suka mutu. Da ni ne, muddin 8 ta ishe ni, 6 zan ɗauka. Idan wurin ya yi maka kaɗan, ɗauki 5, bisa sharaɗin kana da kwafi a wani waje.

Tambaya: Ina da faifai biyu, ɗaya terabait 2, ɗaya 6. In na haɗa su a RAID 1, nawa zan samu?

Amsa: Terabait 2 kacal. RAID 1 madubi ne, abin da aka rubuta a wannan shi ake rubutawa a wancan, don haka ƙaramin ne ke yanke hukunci. Gara ki sayi wani mai 6 su zama daidai. Ki duba ya kasance nau'in CMR ba SMR ba (hanyoyi biyu ne na jera bayanai a kan faifai), domin masu SMR suna yin nawa sosai wajen dogon rubutu irin na sake gina ajiya.

Tambaya: Tunda ina da RAID 1, sai na sake wahalar yin wani kwafi?

Amsa: Ƙwarai kuwa, kuma wannan ce tambayar da ta fi damuna. Idan ka goge fayil bisa kuskure, nan take ya goge a faifan biyu. Manhajar masu garkuwa da bayanai ma dukansu za ta kulle. Wuta, ɓarawo ko tartsatsin lantarki akwatin gaba ɗaya suke tafiya da shi. Amfanin RAID shi ne aikinka bai tsaya ba ranar da faifai ya mutu, iyakarsa ke nan. Ka nemi faifan waje, ka riƙa kwafe muhimman abubuwa duk mako, ka cire shi ka ajiye a wani gini daban. Lokaci-lokaci kuma ka buɗe fayil ɗaya ko biyu daga cikinsa ka tabbatar suna buɗuwa.