Ga ƙanena mai neman bindigar harbin nesa

Assalamu alaikum 'yan'uwa maharba. Ƙanena da ka yi tambaya daren jiya, sau uku na karanta, har na kwanta abin yana cina. Ka ce mai baki biyunka ta daina kai maka, zabi da gada tun daga nesa suke tashi saboda daji ya zama fili, kana son raifil ƙwaya ɗaya da za ta ɗauke maka tun daga zomo har gada a mita 200 zuwa 300, kuma ka rasa wadda za ka kama tsakanin .22 da .223 da .243, wato sunayen raifil bisa faɗin bakinsu. Wallahi irin wannan tambayar na yi shekara goma sha biyu da suka wuce, sai dai ni wanda na tambaya bai ji tsoron Allah ba.

Wani mutum ne da ya dawo garinmu daga birni, nan yankin Gwaram, mai ji da kansa a harkar bindiga. In ya fara zuba a dandali har dattawa shiru suke yi. Shi ya ce min in nemi .22, wai harsashinta ba tsada, ba ƙara, ba ta dukan kafaɗa, kuma da madubin saiti na hangen nesa a kanta zan kwantar da gada a taku ɗari biyu kamar an yanka. Na sayar da ɗan maraƙina, na sha zirga-zirgar takarda wata da watanni, ya kuma sayar min da wani madubi da ya ce nasa ne na kansa. Duk abin da ya faɗa game da arha da rashin ƙara gaskiya ne. Maganar taku ɗari biyun nan ce ƙarya, ita ce kuma ta jawo abin da har yau ban warke ba.

Cikin hunturu ne, an gama kwashe dawa, da sassafe hazo bai gama ɗagawa ba. Na hango gada a gefen wata gona tana tsintar ganyen wake. Tsakaninmu zai kai taku ɗari da tamanin. Da a ce mai baki biyu ce a hannuna, da sai na ja ciki na rage tazara kamar yadda babana ya koya min. Amma maganar mutumin nan tana kunnena. Na durƙusa, na ɗaga saiti sama da gadon bayanta da ƙiyasi, na yi bisimilla na ja kunama. Na ji ƙarar shigar harsashi, tif, irin ta ciki, wadda duk maharbi ya sani ba ta kafaɗa ba ce. Ta gantsare, ta yi tsalle ɗaya ta faɗa cikin sabara.

Na bi ta har la'asar. Jinin ba ja ba ne, wani baƙi-baƙi haɗe da koren ruwa, ɗigo nan, ɗigo can a jikin tushiyar kara. Wani wurin sai na durƙusa na shafa ƙasa kafin in gane. Na sami inda ta kwanta sau biyu ta tashi, ciyawar ta lotse, da ɗumi. Duhu ya kore ni gida, tuwo ma ban iya ci ba. Washegari da hantsi na same ta a gindin wani kalgo, da ranta. Ba ta ko yunƙura ba. Ta ɗago kai ta dube ni da idanun nan nata masu ruwa, ƙuda ya rufe ramin da ke cikinta, tururuwa na hawa ƙafarta ta baya. Na zaro wuƙa na yanka ta hannuna yana rawa. Da na juya ta sai na ga hantsarta cike da nono. Tana da ɗa a wani wuri. Na zagaya wajen nan har azahar ina ɗaga kowace geza da kowace sabara, ban gan shi ba. Naman kuwa ya riga ya yi wari, ko karnuka ban ba wa ba, rami na tona. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce idan za mu kashe mu kyautata kisa, idan za mu yanka mu kyautata yanka. Ni kwana guda cur na bar baiwar Allah nan tana shan azaba.

Abin da ya ƙara ƙona min rai, da na kai maganar zauren Sarkin Baka, mutumin nan yana zaune. Ya buɗi baki ya ce bindiga ba ta ƙarya, hannu ne ba shi da kyau, wai wasu an haife su ne don riƙon gora. Aka yi dariya, har da yaran da na koya wa ɗana tarko. Daga baya na gane shi bai taɓa harbin abu mai rai ya wuce taku hamsin ba, gwangwani yake jerawa a bayan gida. Madubin da ya sayar min ma in ka harba biyar sai saiti ya goce. Har yau muna haɗuwa ran kasuwa, ya miƙo hannu in miƙa, amma kalmar ka yi haƙuri ba ta taɓa fita daga bakinsa ba. Na bar shi da Allah.

To ƙanena, ga abin da ban sani ba a lokacin. Harsashin .22 na gama-gari, wanda ake kira LR, bai fi giram biyu da rabi da ɗan ɗoriya ba, yana fita da gudun mita 330 zuwa 380 a daƙiƙa. In ka daidaita shi a mita 50, kafin ya kai 100 ya sauka kusan taƙi guda, a 200 kuwa saukarsa ta haura mita ɗaya, ƙarfinsa ya tafi. Iskar hunturu matsakaiciya in ta bugo ta gefe za ta iya ture shi kusan kamu guda a wannan tazarar. Abin da ya mayar da harbin kafaɗa ya zama na ciki ke nan. Don zomo, kurege, fakara da zabo a ƙasa, daga mita 70 zuwa ƙasa, ba ta da na biyu, kuma ba ta lalata nama. Har gobe ita nake ɗauka. Amma kar ka nuna ta ga gada daga nesa, na roƙe ka.

Ita .243 an fito da ita a Amurka a 1955, bakinta milimita 6, harsashinta mai nauyi yana kai giram shida da rabi da gudun wajen mita 900 a daƙiƙa. In ka daidaita a 100, a 200 saukarsa wajen santimita 10 ce, a 300 kuma ta kai wajen santimita 40. Gada ba ta fi kilo 25 ba in ta girma ƙwarai, saboda haka .243 ta ishe ta har da saura. Sai dai ka harbi zomo da ita ka gani, fata da kunnuwa za ka tsinta. Na ga zabon da aka yi wa haka, gashi kawai ya tashi sama. Ka ga ke nan bindiga ɗayar da kake nema ta zomo da gada a mita 300 babu ita. Ita .223 tana tsakiya, harsashinta wajen giram uku da rabi, tana tafiya a miƙe, tana kashe gada in an sa a kafaɗa, amma iska ta fi wasa da ita fiye da .243. Kuma ni ina tsoronta saboda wani dalili daban: kwansonta kusan ɗaya yake da 5.56 na sojoji. A wannan zamanin, a tsayar da kai a shinge a ga wannan a jakarka, kafin ka gama bayani ka kwana a wani wuri.

Wani a ƙasan tambayarka ya ce ka nemi .308 kawai ka huta. Ɗan'uwa kar ka kuskura. Dokar makamai ta 1959 ta jera 7.62 da .303 cikin bindigogin soja da aka haramta, kuma .308 bakinta 7.62 ne. Raifil ta farauta da mai baki biyu lasisinsu daga Sufeto Janar yake fitowa, adaka kuma daga Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. A 2023 ma an sanar da dakatar da ba da sabon lasisi, don haka kafin ka sayar da ko akuya ka je hedikwata a Dutse ko Bompai ka ji halin da ake ciki da kunnenka. Duk wanda ya ce zai kawo maka ta bayan fage, ka guje shi kamar maciji. Mu da aka ƙone mana 'yan'uwa 16 a Uromi a watan Maris na 2025 don an ga bindigogin farauta a motarsu, ba sai an gaya mana yadda ake kallon mafarauci yanzu ba. Allah ya jiƙansu, ya isar musu. Duk lokacin da na tuna sai in ji kamar in rataye bindigar gaba ɗaya.

Ga kuma abin da masu kallon bidiyon Turawa ba sa lissafawa. Su suna harbi a duwatsu da filayen da za ka yini ba ka ga mutum ba. Mu ƙasarmu shimfiɗe take kamar faifai, bayan kowace gona akwai wata, akwai ruga, akwai yara masu kiwo, akwai mata masu itace. Ƙaramar .22 ɗin nan in ta kuskure tana iya tafiyar kilomita ɗaya da rabi, .243 kuwa fiye da kilomita 3. In babu tudu ko gaɓar rafi a bayan dabba, ni ba na harbi, ko da kwana uku na yi ban ga nama ba. Zabo a kan bishiya kuwa ba a nuna masa raifil sam, wannan aikin mai baki biyu ne, ita da ƙwayoyinta ba sa kisa da kyau in an wuce mita 40.

Barewa ma ka ƙyale ta in Allah ya nuna maka. Yaushe rabon da wani a cikinmu ya ga garke? Dazukan Falgore da Baturiya kuma an killace su, kowa ya sani.

Ni abin da ya gyara min farauta tsohon kan burtun babana ne da na ciro daga rumbu, da ɗan ƙullin toka a tsumma da nake kaɗawa in ga inda iska ta nufa, da sanda mai gwafa da nake ɗora bindiga. Da su nake shiga taku arba'in, wani lokaci talatin, gada tana kiwo ba ta san da ni ba. Gwiwa tana ciwo, ƙaya tana shiga tafin hannu, amma tun ranar kalgon nan ban sake kwana da dabba mai rauni a daji ba.

In takardarka ta fito kuma gada ce a ranka, .243 zan ce maka, ka tsaya a mita 150 har sai hannunka ya nuna. Ka kafa murfin kwano a jikin gaɓar rafi, ka auna tazarar da igiya, don ido yana ƙara nisa ko ya rage, musamman cikin hazo. Ka harba biyar daga durƙuso a kan gwafa, ranar da ake iska. Inda biyar ɗin suka daina shiga murfin, ka ja baya taku ashirin, nan ne iyakarka. In kana kusa da Gwaram ko Birnin Kudu ka yi min magana ta akwatin saƙo bayan an yi girbi, in zo da igiyata da gwafar mu gwada tare.